Gida, Garke da Kundin Kotu: Nazarin Tarihi, Yawan Jama'a da Gadon Ƙauyen Montaillou na Kudancin Faransa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci Montaillou, wani ɗan ƙauye da ke kan tsaunukan Pirene a lardin Ariège na kudancin Faransa, ta fuskar tarihinsa, da hawa da saukar yawan mutanensa, da kuma gadon da ake nuna wa baƙi a yau. Nazarin ya dogara ga kundin shari'ar Bishof Jacques Fournier (1318–1325) kamar yadda masana suka buga shi suka yi masa sharhi, da ƙidayar gidaje ta ƙarshen ƙarni na 14, da alƙaluman ƙidayar jama'a na zamani. An gano cewa kotun binciken aƙida ta karya gidaje da dama, ta kuma ɓata amanar da ke tsakanin maƙwabta, amma ba ita ta kwashe mutanen garin ba. Annoba ta rage su, suka sake yawaita. Abin da ya kusa mayar da garin kufai shi ne durƙushewar noman kan dutse da kiwon tumaki tun daga tsakiyar ƙarni na 19. Matsayar maƙalar ita ce, gadon da ake tallatawa ya rungumi shekara talatin na fitina, ya yi watsi da ƙarnonin da mutanen suka shafe suna noma da kiwo a wurin.

Gabatarwa

Faransa tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, tsarin da ta gada daga juyin juya halin 1789, kuma dubbai daga cikinsu ba su kai mutum ɗari ba. Montaillou yana cikin irin waɗannan. Yana zaune ne a wani fili mai tudu da ake kira ƙasar Aillon, kimanin mita 1,300 sama da teku, kusa da ƙauyen Prades, kuma garin kasuwa mafi kusa da shi shi ne Ax-les-Thermes. Sanyin wurin ba ya barin inabi ya yi. Wanda ya ratsa ta can a lokacin hunturu zai tarar da yawancin gidaje a kulle.

Duk da wannan ƙanƙanta, da wuya a sami wani ƙauye na Turai ta zamanin tsakiya da aka san cikin ɗakunansa kamar shi. An san wanda ya auri wa, wanda ya ci bashin wa, abin da aka dafa a daren da wani baƙo ya sauka, da maganar da mata biyu suka yi a bakin ƙofa. Duniya ta san wannan ne ta hanyar littafin Emmanuel Le Roy Ladurie (1929–2023) mai suna *Montaillou, village occitan de 1294 à 1324*, wanda kamfanin Gallimard ya buga a 1975. Littafin ya yi kasuwar da littattafan tarihi ba su saba yi ba, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1978, daga nan ya shiga harsuna da yawa.

Shaharar littafin ta jawo wa ƙauyen wata matsala. Ta daskarar da shi a cikin shekara talatin, har ya zama kamar ba a zauna a wurin ba kafin 1294, kuma ba abin da ya faru bayan 1324. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: in aka ajiye waɗancan shekaru a gefen dogon tarihin yawan jama'ar ƙauyen, me ya raya shi, me kuma ya kwashe shi?

Madogarar bincike da aibinta

Ba za a fahimci kundin ba sai an koma ƙarni guda baya. A kudancin Faransa ta ƙarni na 12 da na 13 an sami wasu masu wa'azi da suka bar koyarwar cocin Katolika. Marubutan baya sun kira su Katharawa. Mutanen yankin kuwa “mutanen kirki” ko “Kiristocin kirki” suke ce musu. Suna koyar da cewa wannan duniya ta zahiri aikin mugun ubangiji ce, ruhi kaɗai ne na Allah nagari. Ba sa cin nama, ba sa rantsuwa, ba sa kusantar mata. Mabiyansu ba a ɗora musu wannan nauyi, sai dai in mutum ya zo gargara a kira ɗaya daga cikinsu ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'ar da suka ɗauka ita ce ceto. Fafaroma Innocent III ya shelanta yaƙi a kansu, aka gwabza daga 1209 zuwa 1229. Bayan yaƙin aka kafa kotunan binciken aƙida a shekarun 1230. A watan Maris na 1244 aka ci ganuwar Montségur, wadda ba ta da nisa da Montaillou, aka ƙona mutum fiye da 200.

Aƙidar ta yi kamar ta mutu. Sai wajen 1300 wasu 'yan'uwa biyu daga Ax, Pierre da Guillaume Authié, suka dawo daga Lombardi ta Italiya da izinin wa'azi, suka riƙa bin ƙauyukan dutse cikin dare. Montaillou ya karɓe su hannu bibbiyu. A 1308, ko 1309 a lissafin wasu masana, alƙalin binciken aƙida na Carcassonne, Geoffroy d'Ablis, ya sa aka tare hanyoyin ƙauyen aka kama duk wani baligi. Wasu mata sun tsira ta hanyar ɗora burodi a ka, suka ce su matafiya ne masu wucewa. Aka bar yara da tumaki a gari. An ƙona Pierre Authié a Toulouse a 1310.

Jacques Fournier ya zama bishof na Pamiers a 1317. Ɗan yankin ne, haifaffen Saverdun, yana jin harshen Oksitan da talakawa ke yi, kuma mutum ne mai haƙurin sauraro da naci. Alƙaluman da J.-M. Vidal ya fitar tun farkon ƙarni na 20, Le Roy Ladurie kuma ya maimaita, sun nuna kotunsa ta zauna kwana 370 tsakanin 1318 da 1325, ta yi zaman tambayoyi 578 a kan shari'o'i 98 da suka shafi mutum 114. Daga cikin waɗanda aka tuhuma, 25 'yan Montaillou ne. Mutum biyar aka ƙona, ɗaya daga cikinsu Guillaume Fort na Montaillou, a 1321. Da wuya Fournier ya yi amfani da azabtarwa. Makamansa su ne kurkuku, da jira, da gwama maganar wannan da ta wancan. Daga baya ya zama Fafaroma Benedict XII (1334–1342) a Avignon, kundin ya bi shi, yanzu yana ɗakin karatu na Batikan da lamba 4030 a jerin rubuce-rubucen Latin. Jean Duvernoy ya buga shi a 1965, ya kuma fassara shi zuwa Faransanci a 1978.

A nan ne manazarci ya kamata ya taka a hankali. Mai ba da shaida yana magana da Oksitan, akawu yana rubutawa da Latin, yana mayar da “ni” ta koma “shi” ko “ita”, sannan a sake kwafewa a kan fata mai kyau. Kuma mai maganar ya san wuta na iya biyo bayan kalma guda. Leonard Boyle, a 1981, ya nuna wuraren da Le Roy Ladurie ya yi sakaci da nassin Latin, da inda ya jawo shaidun mutanen wasu ƙauyuka ya cike giɓin Montaillou da su. Renato Rosaldo, a 1986, ya tafi nesa da haka: ya ce marubucin ya ɗauki mai tuhuma kamar wani masanin al'adu mai tattara bayanai, ya manta da ikon da ke tsakanin mai tambaya da wanda ake tambaya. Daga baya Mark Pegg da R. I. Moore sun yi shakkar ko an taɓa samun wata majami'ar Katharawa mai tsari kamar yadda masu tuhuma suka zana ta, Peter Biller da Anne Brenon kuma suka ƙi yarda da wannan shakka.

Hanyar da aka bi a wannan nazari ita ce rarrabe abin da alƙali yake nema da abin da ya faɗo a gefen hanya. Maganar aƙida ana ɗaukarta da taka-tsantsan, domin a nan ne mai shaida yake da dalilin ɓoyewa ko ƙarawa. Amma in mace ta ce ta je aron wani kayan aiki ne ta hangi baƙi a bene, to ko da ta yi ƙarya game da baƙin, aron kaya da benen sun tabbata, don ba wanda zai kafa ƙarya a kan abin da bishof ɗan ƙasa zai gane ba a yi. Irin wannan bayani na gefe shi ne ginshiƙin abin da ke tafe.

Gida da garke

A farkon ƙarni na 14 Montaillou yana da gidaje kusan 40, da mutane tsakanin 200 da 250. A saman tudu akwai ganuwar basaraken Foix, gidaje suna jere a gangare ƙarƙashinta, can ƙasa kuma ga ɗakin ibada na Notre-Dame de Carnesses da maƙabarta. Ana noma alkama da hatsin dawaki da kabeji da wake da wani tushe mai kama da gwaza, ana kiwon aladu da kaji da tumaki. Babu amalanke; alfadari ne ke hawo da giya daga Tarascon da Pamiers, shi ke kai hatsi niƙa Ax. Masu sana'a kaɗan ne: akwai baduku mai gyaran takalma, akwai masaƙi, akwai wata mata mai suna Fabrisse Rives da ke sayar da giya gida-gida.

Komai a ƙauyen gida ne ma'auninsa. Kalmarsu ta *ostal* ta haɗa ginin da mutanen cikinsa da gonakinsa da dabbobinsa, kusan yadda gandu yake a wajen manomin ƙasar Hausa. Zuciyar gidan ita ce ɗakin murhu, inda ake girki, ake ci, ake hirar dare, inda naman alade ke rataye a rufi don kada kyanwa ta kai gare shi. Wanda ya yi arziki sai ya ɗora bene, kamar yadda gidan Clergue da gidan Belot suka yi. Babban abin tsoro shi ne rabewar dukiyar gida, shi ya sa kayan auren da ake fitar wa 'ya mace ake jin su kamar yankan nama daga jiki.

Wani abu da ya faru ranar mutuwar Pons Clergue, uban gidan da ya fi kowane ƙarfi, ya nuna zurfin wannan tunani. Kafin a fitar da gawar, an yanki gashin kansa da faratan hannunsa da na ƙafarsa aka ajiye a gida, don kada sa'ar gidan ta bi shi kabari. Wannan ba koyarwar Katolika ba ce, ba kuma ta Katharawa ba. Ta girme su duka biyu, kuma a ganina ta fi su bayyana abin da mutanen suka riƙe da gaske.

Aƙida ma ta ƙofar gida take shiga. Ba kasafai mutum ɗaya yake tuba shi kaɗai ba. Gida ne ke karkata, sai surukai su biyo. Gidajen Belot da Benet da Rives su ne masaukin masu wa'azi, har an huda hanya tsakanin gidan Rives da na Benet don baƙin su ratsa ba tare da sun fito fili ba. Mata kuwa labari yana yawo tsakaninsu a wurin ɗiban ruwa, da lokacin da suke zaune a rana suna cire wa juna ƙwarƙwata. Wannan aiki na kusanci ne, ba a yi wa bare, kuma a cikinsa ake ƙulla aure, a cikinsa ake gwada zuciyar maƙwabciya.

Gidan da ya cika da 'ya'ya maza ba ya iya riƙe su duka, sai garke ya kwashi ragowar. Da bazara tumaki suna kan tsaunuka, da hunturu a gangara da su filayen Aude ko a tsallaka da su Kataloniya. Pierre Maury, ɗan masaƙin garin, shi ne makiyayin da kundin ya fi ba mu labarinsa. Ya bar gida yana saurayi ya yi kiwo a kwarin Arques, bayan kamen ƙauyen kuma ya koma yawo tsakanin ɓangarorin tsaunin biyu, yana yi wa masu garke aiki shekara-shekara. Ba shi da gida, ba shi da gona. Abin da ya yarda ya kashe wa kuɗi shi ne takalmin fata mai kyau, don ƙafa ce jarinsa. A ƙasar Balensiya ya haɗu da 'yan gudun hijirar yankinsu da ke kewaye da Guillaume Bélibaste, mai wa'azin Katharawa na ƙarshe da aka sani. Bélibaste ya ci amanarsa: ya aura masa matar da shi kansa yake tare da ita a ɓoye, ya raba auren bayan 'yan kwanaki, don cikin da take ɗauke da shi ya sami uba. Maury ya gane, bai kuma yanke zumunci ba. Wani ɗan leƙen asiri mai suna Arnaud Sicre ya yaudari Bélibaste ya jawo shi ƙasar da za a iya kama shi, aka ƙona shi a Villerouge-Termenès a 1321. Maury ya shiga hannu daga baya, aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai a Agustan 1324.

Abin lura ga mai nazarin yawan jama'a shi ne, fitar samari irin su Maury ba ta rage ƙauyen ba. Ita ce ma ta tsare shi. Tana rage bakin da gona za ta ciyar, tana hana a raba gado, tana kawo kuɗin ulu da cuku. Ƙaura ce mai dawowa.

Abin da kotu ta karya

Gidan Clergue ya riƙe ƙauyen ta wuya biyu. Pierre Clergue shi ne limamin cocin, ɗan'uwansa Bernard kuma shi ne wakilin basaraken Foix, mai karɓar haraji da kama masu laifi. Limamin yana tsarkake burodi a coci ranar Lahadi, a ɓoye kuma yana tare da Katharawa. Bayan kamen ƙauyen sai ya mayar da kotun Carcassonne makami: ya kare abokan gidansu, ya miƙa abokan gaba. Da Mengarde Maurs ta fito ta ce limamin ɗan bidi'a ne, hukumar da ke hannun Bernard ta sa aka yanke mata harshe. Gidan Maurs ya watse, 'ya'yansa suka tsallaka tsauni da ƙudurin ramuwa.

Mata ne suka kayar da limamin. Fitacciyarsu ita ce Béatrice de Planissoles, matar marigayi mai riƙon ganuwa, wadda ta taɓa zama farkar limamin. Da aka kira ta a 1320 sai ta gudu, aka kamo ta a Mas-Saintes-Puelles. A jakarta aka sami cibiyoyin jikokinta maza biyu, da madubi, da ƙaramar wuƙa a naɗe cikin ƙyalle, da 'yan ƙwayoyin lubban, da busasshen burodi. Bishof ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce cibiyoyin an gaya mata suna sa a yi nasara a shari'a, lubban kuma na ciwon kai ne. Wannan jaka ta wata kaka da ke cikin firgici ta fi dogon bayanin aƙida nuna yadda imani yake a rayuwar yau da kullum: ana haɗa abin da aka samu, daga coci, daga masu wa'azin dare, daga tsofaffi. An ɗaure ta a Maris 1321, aka sake ta a Yulin 1322 da sharaɗin ɗinka gicciye mai ruwan ɗorawa a tufafinta. Pierre Clergue ya mutu a kurkuku. Bernard ya yi iƙirarin kashe sule 14,000 wajen neman a saki ɗan'uwansa, kuɗin da ya fi ƙarfin duk wani gidan manomi, bai kuma yi nasara ba. Shi ma a tsare ya ƙare.

Ba aƙida kaɗai ta hura wutar ba. Bishofofin Pamiers sun matsa wa mutanen dutse da ushirin 'yan raguna da sauran amfanin dabbobi, wanda ya ƙi biya a fitar da shi daga coci. Ƙiyayyar da makiyayi yake yi wa mai karɓar ushiri ta share wa masu wa'azi hanya, domin su ba sa neman komai sai abin da aka ba su.

Hukuncin kotu kuwa gidan yake nufa kai tsaye. A ƙwace gona, a rushe ɗakin da aka yi wa mai gargara addu'ar Katharawa, a sa wa mutum alamar da za ta hana a nemi auren 'yarsa. Mafi muni shi ne, kowa ya koyi cewa maganar da aka yi a bakin murhu shekara ashirin da suka wuce tana iya fitowa a Pamiers daga bakin suruka ko baiwa. Wannan ɓarna ce babba. Amma in aka zo lissafin rayuka, kotun Fournier mutum ɗaya ta ƙona daga ƙauyen, wasu suka mutu a tsare, wasu suka yi hijira. Garin ya jigata, bai tashi ba.

Hawa da saukar yawan jama'a

Faɗuwar farko mai girma ta zo bayan Fournier. Baƙar Annoba ta mamaye kudancin Faransa a 1348, ta kuma riƙa dawowa, ga rikicin Yaƙin Shekara Ɗari da sojojin haya masu wawashe ƙauyuka. Ƙidayar murhu ta ƙasar Foix a wajen 1390 ta sami gidaje 23 kacal a Montaillou, wato kimanin mutum 100. Fiye da rabi sun tafi. Sai dai wannan rashi ya yi daidai da abin da ya sami sauran yankin, har wuraren da ba a taɓa jin ɗuriyar Katharawa ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora shi a wuyan kotu.

Abin mamaki shi ne yadda sunayen gidaje suka tsallake wannan rami. Sunan Clergue, wanda aka yi zaton kurkuku ya shafe, ya ci gaba a ƙauyen har zamaninmu, har wani mai wannan suna ya riƙe muƙamin magajin gari shekaru masu yawa. Garin ya sauko daga gindin ganuwa zuwa inda yake yanzu, ya sake cika, kuma a ƙarni na 19 mutanensa sun sake haura 200. Dalili a fili yake: ginshiƙan biyu, gona da garke, ba su taɓu ba, daga baya ma dankalin Turawa ya zo ya ƙara yawan bakin da ƙasar dutse za ta iya ciyarwa.

Faɗuwa ta biyu ita ce wadda ba a farfaɗo daga gare ta ba, kuma labarinta na lardin ne gaba ɗaya. Ariège ya kai ƙololuwarsa a 1846 da mutum kusan 270,000. A 1982 sun koma kusan 136,000. Dokar gandun daji ta 1827 ta taƙaita haƙƙin kiwo da saran itace da talakawan dutse suka gada, har ta haddasa boren da ake kira Yaƙin 'Yan Mata daga 1829, inda manoma suka riƙa sa kayan mata suna far wa masu gadin daji. Ciwon dankali ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1840, kwalara ta yi ɓarna a 1854. Jirgin ƙasa ya iso Ax a 1888: ya kawo hatsi da tufafi masu araha da gonar dutse ba za ta iya gogayya da su ba, ya kuma sauƙaƙa tafiya Toulouse da gonakin inabi na Languedoc. Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ci sojojin Faransa kusan miliyan 1.4, ya fi yi wa ƙauyuka illa, domin manoma ne suka cika rundunar ƙasa. Bayan 1945 noman injina ya ƙarasa aikin, tunda tarakta ba ta da amfani a kan 'yan gonakin gangare.

Bambancin wannan ƙaura da ta zamanin Maury shi ne, a da rarar 'ya'ya ke fita don gida ya tsaya, yanzu kuwa magajin gidan ne da kansa ke tafiya, da matarsa, ba kuma da niyyar dawowa ba. In 'yan mata suka tafi, haihuwa ta tsaya. In makaranta ta rufe, iyali mai yara ba ya zama. A lokacin da littafin Le Roy Ladurie ya fito, mazaunan Montaillou 'yan goma-goma ne, yawancinsu tsofaffi, kuma a wasu ƙidayoyin baya sun yi ƙasa da 20. Abin da wuta da annoba suka kasa yi, kasuwa da hanyar jirgi sun yi shi cikin ƙarni guda, ba tare da an kama kowa ba.

Gadon da ake nunawa

Abin da ido ke gani a yau bai da yawa: ragowar bangon hasumiyar ganuwa a kan tudu, ɗakin ibada na Carnesses inda kundin ya ce aka binne Mengarde, mahaifiyar 'yan'uwan Clergue, da alamun tsofaffin gonakin bene-bene da ciyawa ta rufe. Masu haƙar kayan tarihi sun yi aiki a gindin ganuwar daga ƙarshen shekarun 1990, suka tono harsashin gidajen tsohon garin. A shekarar 2000 an yi taron masana a ƙauyen, kuma a wannan shekara René Weis ya fitar da *The Yellow Cross*, inda ya bi sawun mutanen kundin a ƙasa, gida-gida da hanya-hanya. Hanyar masu tafiyar ƙafa mai lamba GR 107, wadda ake kira Hanyar Mutanen Kirki, tana ratsa garin daga Foix zuwa Berga ta Kataloniya. Ƙauyen ma ya kafa gidan rediyo mai sunansa, wanda daga baya ya zama Pyrénées FM.

Ba na raina wannan ƙoƙari. Garin da ke neman mutum bakwai da za su cika majalisarsa, kamar yadda doka ta tanada wa ƙaramar hukumar da ba ta kai mutum 100 ba, yana da haƙƙin cin moriyar duk abin da zai kawo masa baƙo. Amma siffar Katharawa da ake sayarwa tana da nata tarihin. Napoléon Peyrat ne ya ƙawata ta a shekarun 1870, wani shirin talabijin na 1966 ya kai ta kowane gida a Faransa, lardin Aude kuma ya mayar da “Ƙasar Katharawa” tambarin yawon buɗe ido a farkon shekarun 1990. Yawancin ganuwoyin da ake dangantawa da su, har da ginin da ke tsaye a Montségur, an sake gina su ne bayan an murƙushe Katharawa, a hannun waɗanda suka ci yaƙin. Baƙon da ya zo neman waliyyai masu fararen zukata zai sha mamaki in ya karanta kundin, domin zai tarar da Bélibaste mai yaudara da liman mai cin amanar mata, tare da mutane masu karamci irin Maury.

Harshen da aka yi duk waɗannan maganganu da shi ma ya ja baya. Dokokin makaranta na Jules Ferry na 1881 da 1882 sun kafa karatu da Faransanci, sai a 1951 dokar Deixonne ta buɗe wa Oksitan ƙofar aji, lokacin da iyaye da yawa sun riga sun daina yi wa 'ya'yansu shi. Sunayen gonaki da maɓuɓɓugai da mashigan tsauni da ke cikin kundin na Oksitan ne, kuma da su ake iya daidaita rubutun da ƙasa. Tattara su daga bakin tsofaffin yankin aiki ne na gaggawa fiye da kafa sabon allon bayani.

Haka nan ƙarnonin da suka biyo bayan 1390 suna da nasu takardun. Faransa ta mayar da rajistar haihuwa da aure da mutuwa hannun ƙananan hukumomi a 1792, ta fara zanen taswirar gonaki a 1807, ta kuma soma ƙidaya mai jera sunayen mutane gida-gida a 1836, kuma ma'ajiyar takardun lardin tana Foix. Da irin waɗannan ake iya bin kowane gida: shekarar da aka yi aure na ƙarshe a cikinsa, wanda ya sayi gonarsa, da garin da magajinsa ya koma. In aka ɗora wannan a kan taswirar gidaje 40 da masu haƙa da masu nazarin kundin suka fitar, za a sami tarihin ƙauye ɗaya mai tsawon shekara 700, ana iya kuma gwada shi da na Prades da Comus da Camurac da ke maƙwabtaka da shi, waɗanda suka yi irin wannan raguwa.